Jan Kifin da Ka Ce Kai Ne

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi, kuma ruwan da kuke yawo a kansa yana kwance. Mu nan ƙalau, ban da gwiwata da ke ƙorafi duk lokacin da na hau benen asibiti da bokiti da tsumman goge ƙasa. 'Yarka lafiya lau. Haƙorinta na gaba ya fita, tana ta nuna wa mutane gurbin kamar wadda aka ba kyauta. Halinta yana nan, Sarkin Tambaya. Jiya ma tambayata ta yi wai ko jirginku yana da birki.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Kai dai Allah ya shirye ka. Ka rasa abin da za ka bar wa yarinyar da uwarta ta rasu bara sai kifaye a akwatin gilashi? To ka saya, mun gode. Me ya kai bakinka ka nuna jan nan babba mai ɗigon baƙi a wutsiya, ka ce mata, "Wannan ni ne, muddin kin ga yana yawo, Babanki yana lafiya"? Na san rarrashi kake yi don ta sakar maka ƙafar wando ka samu ka fita. Ita kuwa ba ta ɗauke shi rarrashi ba. Kullum da safe, ko fuska ba ta wanke ba, sai ta je ta ɗora yatsa a gilashin ta ce, "Baba, ina kwana." Shi kuma ja'irin sai ya taho ya tsaya daidai yatsan. Sauran ma duk ta raba musu sunaye. Baƙin nan mai kumburarrun idanu wai shi ne Goggo. Na ce na gode, Allah ya saka.

Yanzu ruwan ya soma yin fari-fari kamar wanda aka wanke shinkafa da shi, kifayen kuma suna ta tasowa sama suna buɗe baki. Na je shagon da ka saye su, wanda ke tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Tsuntsaye na ta ihu a keji, wari kuwa ba a magana. Na samu ma'aikacinsu, wani dogo mai farar riga har gwiwa da biro a aljihu, ni dai Likitan Kifi na sa masa. Ko gama bayani bai bari na yi ba. Ya ce, "Mama, yunwa ce. Duk sanda suka taso suka buɗe baki, ki zuba musu." Ya ce farin ruwa ƙazanta ce, in kwashe su, in wanke komai da sabulu tas, in cika da sabon ruwan famfo. Ɗan injin nan mai busa iska kuma in riƙa kashe shi in za mu fita, wai ƙararsa na hana kifi hutawa.

Da ya ambaci sabulu sai hankalina ya ɗan kwanta, don ka san nan ne fagena. Amma ban gama gamsuwa ba, Auta. Ni ban taɓa riƙon abin da ba ya kuka in yana ciwo ba. Ka rubuto ka warware maganar nan da ka ɗaura wa yarinya.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo da ƙaramin jirgin da ke kawo mana kayan abinci, na karanta ta a ɗakin sanyi ina dariya ni kaɗai har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Kifin Goggo mai kumburarrun idanu! Wallahi yarinyar nan tana da ido. Ni lafiyata ƙalau, sai hannuwa da suka tsage saboda ƙanƙara da gishiri. Ki riƙa shafa wa gwiwar nan mai, ki kuma daina hawa bene da bokiti biyu don a ce ke jaruma ce.

Maganar kifi kuwa, Yaya, kin tambayi wanda bai dace ba. Ni aikina in fasa cikinsu in jera su a kwali. Ban taɓa zama na ga yadda ake raya ko ɗaya ba. Mutumin shagon nan sana'arsa ke nan, ki bi abin da ya ce. Kuma ke da ko cokali ba ya kwana da maiƙo a gidanki, kifin da ya faɗo hannunki ai ya dace.

Na san halinki, tun muna yara in kaza ta yi tari sai kin ce annoba ce. Ki bar yarinya da wasanta. Gara ta sami abin gaisarwa da safe da ta zauna tana kallon ƙofa. Ki gaya mata na ce jan kifin nan ƙarfi gare shi kamar Babanta, ba abin da zai same shi.

Za mu ƙara nisa cikin ruwa, can inda ƙaramin jirgin ba ya zuwa sosai, waya kuma kin san ba ta kamawa. In kin ji shiru kada ki tayar da hankalinki. Ki shafa min kan uwata, Sarkin Tambaya.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya. Jikinmu dai lafiya, amma ba zan ce maka ƙalau ba.

Na karanta wa 'yarka takardarka, kuma da na sani na tsallake layin nan na ƙarfi kamar Babanta. Na roƙe ka ka kwance, sai ka ƙara ɗaurewa. Kuma ba tarin kaza ba ne, ka ji yadda aka yi.

Ranar hutuna na yi wa akwatin nan irin wankin da muke yi wa ɗakin tiyata. Na kwashe kifayen a roba. Tsakuwar ƙasa na dirje ta da buroshi. Soson da ke cikin matacin ruwa, wanda ya yi baƙi yana santsi, na cuɗa shi da sabulu da ruwan zafi har ya koma fari kamar sabo. Na cika da ruwan famfo na mayar da su nan take, yadda Likitan Kifi ya ce. Gilashi na ta ƙyalli, ni kuma ina ta jin daɗin kaina. Washegari muka tarar da kifin Goggo ya juya ciki sama.

Na yi ta maza, na ce bari in ci riba a nan. Na ce, "Kin gani? Kifin Goggo ya mutu, ga Goggo a tsaye tana dafa miki shayi. Kifi daban, mutum daban." Ta dube ni ta ce, "Ai ke ba ki ce ke ce ba, ni na sa miki. Baba kuwa shi ya faɗa da bakinsa."

Na koma shagon a fusace. Mutumin nan ko gezau. Ya ce wai ban wanke da kyau ba ne. Ni! Ya miƙo min wani shuɗin magani a kwalba ya ce in tsiyaya har ruwan ya canza launi, in kuma ƙara wankewa duk sanda na ga ya dushe. Ya ce sauran kewar ɗan'uwansu za ta kama su, gara in ƙara sababbi. Na karɓo biyu. Ina da wanda zan tambaya ne? Matan da muke shara tare dariya suke yi min, ɗaya ta ce in soya su in huta.

Tun daga nan mutuwa ake yi ɗaya bayan ɗaya, har sababbin. Na ƙara abinci, na ƙara wanki, na ƙara shuɗin magani. Yanzu jan ne kaɗai ya rage. Ya daina zuwa wurin yatsanta. Yana kwance a ƙasa kusa da tsakuwa, fukafukansa a manne da jiki, kunnuwansa na bugawa da sauri. Abincin da na zuba sai ya jiƙe ya nutse bai kula ba.

Yarinyar ma ta soma ƙin abinci. In na ajiye mata burodi da ƙwai sai ta leƙa akwatin tukuna, in bai ci ba ta ture farantin. Da ƙyar nake ɗura mata madara. Abin da ya fi ba ni tsoro, ta daina tambaya. Yarinyar da ke hana ni sakat, yanzu sai mu je makaranta mu dawo ba ta ce min me ya sa ba ko sau ɗaya.

Ga kuma rediyon masu gadi a wurin aiki yana ta maganar guguwa a teku. Ban san ko wajenku ba ne, ban ma san ina ne wajenku ba. Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka, in kana inda gaisuwa ke isa. Allah ya sa kana lafiya. Ban sami amsarka ba, amma ba zan iya zama da wannan ni kaɗai ba.

Na je ofishin kamfaninku. Wata mata a bayan gilashi ta ce sun daina jin jirginku tun da iskar ta taso, wai hakan na faruwa, ana ƙoƙari, in koma gida. Na koma gida. Na buɗe ƙofa da rana tsaka, yarinya tana makaranta, sai na ga jan kifin a saman ruwa, a gicciye.

Ni da na yi ta ce mata kifi daban mutum daban, sai ga ni na ɗauka kai ne ka mutu. Na zauna a ƙasa ina salati ina kiran sunanka. Na san haramun ne in yarda da irin wannan, na kuma nemi gafara, amma ka haɗa maganar matar ofis da abin da na gani ka gaya min ya zan yi.

Da na tuna an kusa tashi daga makaranta, na sa shi a leda na ruga shagon, ko takalmin aiki ban canza ba. Na ajiye ledar a gaban Likitan Kifi na gaya masa komai, har maganar da ka yi wa yarinya. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, wannan ai ƙaramin abu ne. Duk iyaye haka suke yi. Ki ɗauki wani ja ki jefa kafin ta dawo." Na ce wancan yana da ɗigon baƙi a wutsiya. Ya ce, "Yara ba sa lura da wannan." Zuciyata ta ce kada ki yi. Amma na tuna fuskarta, na miƙa hannu na karɓa.

Ta shigo da jakarta a baya, ta wuce kai tsaye. Sabon yana ta zagaye da kuzari. Na ce, "Kin ga Baba ya warke." Ta ɗora yatsa a gilashin. Kifin ya tsere bayan matacin ruwa. Ta matsar da yatsan, ya sake tserewa. Ta daɗe tana kallon wutsiyarsa. Sannan ta juyo, ba kuka ba komai, ta ce, "Goggo, ina kika kai Babana?"

Na ce ga shi nan. Na sake cewa ga shi nan. Har rantsuwa na kusa yi. Ta ce, "Wannan bai san ni ba." Ta cire takalmanta ta jera su, ta hau gado ta juya wa ɗaki baya.

Tun ranar ruwa kawai take sha, sai ɗan abin da malamar ajinsu ta lallaɓa ta ba ta a makaranta. Daga hannuna ba ta karɓar komai. Na gaya mata gaskiya daga baya, na ce kifin ya mutu, na ji tsoro ne na canza. Ta ce, "Na sani." Na kai ta wurin nas ɗin ɓangaren yara. Ta duba ta ce ba zazzaɓi, amma in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an sa mata ruwa. Wuyan hannunta yanzu yatsuna biyu ke zagaye shi.

Ka bar min amana ina kallo tana zubewa. In kana raye, don Allah ka yi magana.

Yayarka

*

Yaya,

Ina raye. Na fara da wannan kafin sallama, ki yafe min. Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ba abin da ya same ni sai ƙujewa a kafaɗa. Iskar ta same mu sosai, ta karya ƙarfen da muke magana da ƙasa da shi, muka fake a bayan wani tsibiri har ta wuce. Ba wanda ya rasa ransa. Yau ƙaramin jirgin ya iso, ya kawo min takardarki mai labarin mutuwar kifin Goggo. In kin aiko wata bayanta, ba ta zo ba tukuna.

Na yi miki dariya a wancan karon, yau kuwa ba bakin dariya. Bakina ne ya jawo, ba ke ba.

Na nuna wa injiniyanmu takardunki duka biyun, don yana kiwon irinsu a gidansa. Ya riƙe kai. Ya ce buɗe bakin nan a sama ba yunwa ba ce, numfashi suke nema, injin iska kuma ba a kashe shi. Ya ce baƙin santsin da ke jikin soson nan shi ke cinye dattin da kifi ke fitarwa, wanke shi da sabulu kamar kashe masu shara ne a bar asibiti. Ruwan famfo yana da maganin da ke ƙona musu kunnuwa, akwai abin da ake ɗigawa a kashe shi kafin a zuba. Ba a canza ruwa duka, kaɗan ake ɗiba a mayar da kaɗan. Abinci ɗan mitsitsi, sau ɗaya. Shuɗin maganin ki ajiye shi. Kada ki sake taka shagon nan.

Abu ɗaya nake roƙonki. In jan ya mutu, ki gaya mata gaskiya a take. Kada ki bari wani ya ce ki sako wani a madadinsa, za ta gane, kin san idonta.

Na nemi a sallame ni da zarar mun taɓa ƙasa. Wannan na ƙasa nata ne, ki karanta mata a hankali.

Uwata, Babanki ne. Ina lafiya, ina cin abinci, ina tunaninki. Maganar da na gaya miki ranar tafiyata ba gaskiya ba ce, na faɗa ne don ki daina kuka, kuma ban kyauta ba. Ni ba kifi ba ne. Ko yana yawo ko ba ya yawo, ni ina nan. Ki ci abincin Goggo.

Ƙanenki

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. A bakin ƙofa na buɗe takardarka, layin farko kawai na gani na zauna a kan matakala ina kuka, har maƙwabciyarmu ta fito da gudu ta zaci mugun labari ne. Allah ya ƙara tsarewa, ya warkar da kafaɗar. Roƙon da ka yi kuwa ya zo a makare. Takardata da ke hanya za ta gaya maka abin da na riga na aikata.

Na shiga na sami yarinyar a kwance. Na ce, "Tashi, Babanki ya rubuto, yana da rai!" Na karanta mata nata a hankali yadda ka ce, na maimaita. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ke kika rubuta."

Na nuna mata hannunka, na nuna mata ambulan. Ta ce ita ba ta iya karatun manya ba, kuma ko takardar taka ce, ta ina za ta san abin da na faɗa shi ne a ciki? Auta, an taɓa zagina a wurin aiki, an taɓa yi min ƙazafi, ba wanda ya taɓa min zafi kamar wannan. Kuma ba ni da bakin musu.

Ta sauko daga gado tana layi, ta karɓi takardar, ta ce kada in bi ta. Na bi ta daga nesa. Ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ta ce ta karanta mata. Ta saurara, ta karɓe, ta sauka ƙasa wurin mai kanti. Shi ma ya ajiye awo ya karanta. Ba ta tsaya nan ba, ta tsallaka wurin mai kemis, wanda ba ya ko gaisawa da ni, ina jin shi ya sa ta zaɓe shi. Ina laɓe a jikin bango ina jin muryarsa yana cewa, "Ni ba kifi ba ne." Da ya gama ta ce, "Ba Goggo ce ta ce ka faɗi haka ba?" Ya ce shi bai ma san wace ce Goggo ba. Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun ranar da abin ya faru. Na fito na ɗauke ta, ba ta ture ni ba.

Ta ci shinkafa cokali kaɗan a ranar, washegari ta ƙara. Nas ta ce mun tsallake maganar ƙarin ruwa. Sabon kifin yana nan, ina bin abin da injiniyanku ya ce, ina kallon soso yana baƙi ina danne hannuna. Ita ko kallonsa ba ta yi.

Amma kada ka ɗauka komai ya koma daidai. In na ce an yi ruwa a waje sai ta leƙa taga. Na ce ta faɗi saƙonta in rubuta maka, ta ce a'a, malamarsu za ta rubuta. Ga shi nan na haɗo, ban taɓa ko harafi ba. Ka yi sauri ka dawo.

Yayarka

Baba, ni ce. Malama ce take rubutawa, ni nake faɗa. Na ci abinci. Wani haƙorin ma yana motsi. Kada ka sake cewa kai wani abu ne. Goggo ta ce ka kusa dawowa. Da gaske ne?